Injin da ya ƙi magana a waya

A Faransa ba ma tsawaita gaisuwa a waya. Lafiya? Lafiya lau, sai a shiga magana. Shi ya sa ranar da ɗan kawuna ya kira ni daga Lyon ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin Montreuil inda nake zaune, har ya tambayi gwiwar innata da ke can Damagaram, na ajiye cokali na gyara zama. Mutumin da ko barka da salla sai dai ya turo maka hoton rago, yau shi ne ciwon gwiwar innata ya dama? Na ce a raina akwai magana.

Akwai kuwa. Ya samu aiki a wani wurin sayar da motoci a gefen gari, aka ba shi ɓangaren waɗanda ake kira ibrid, masu tafiya da mai da batir a haɗe. Ya shiga a mugun lokaci. Shekarar mai ya yi arha, su kuma motocin ga tsada, sai Bature ya zo ya leƙa, ya shafa, ya wuce ya sayi mai shan mai zalla. Maigidansa ya ce in wata ya ƙare bai sayar da ko ɗaya ba, ya nemi wani wuri. Takardar zamansa a ƙasar kuwa da aikin take ɗaure.

"Yaya, don Allah ka kawo mini Alhaji," in ji shi.

Alhajin nan shadda da atamfa yake sayarwa a unguwar Château Rouge, kuma yakan sayi mota ya aika gida ta jirgin ruwa. Ni nake raka shi wurin Turawa, don Faransancinsa na ciniki ne kawai, kuma in na ce abu mai kyau ne ba ya sake tambaya. Wannan yardar ɗan kawuna yake so ya ara, kuma raina bai so ba. Abin da masu ƙasa suka ƙi, don me za a lallaɓo a liƙa wa namu? Har zancen takardar sai da na yi ta juya shi, domin na san shi da iya marairaicewa tun muna yara. Amma in aka mayar da shi gida ni dangi za su tambaya, don haka na kama Alhaji muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Ɗan kawuna ya tarbe mu cikin kwat, murmushi har kunne, yana ta ba mu kofi kan kofi. Ni dai idona na kan motocin. An goge su suna ƙyalli, amma ƙarƙashin tayoyinsu busassun ganye ne suka taru, alamar sun daɗe ba su motsa ba. Yawan kofin ma bai kwanta mini ba.

Alhaji ba ya sayen mota da ido. Yana da makaniki a Damagaram wanda ke gyara masa duk abin da ya aika. Sai a buɗe gaban mota, a tada inji, ya kira mutumin ya kara waya kusa da injin, shi kuma ya saurara daga can ya yanke hukunci. Haka muka yi a duk motar da muka taɓa saye, haka kuma ya yi ranar.

"Tada ta," in ji Alhaji.

Ɗan kawuna ya danna wani maɓalli. Wata koriyar fitila ta kama. Shiru.

"Na ce ka tada ta, yaro."

"Ai ta tashi, Alhaji. C'est normal, haka take, batir ne ke aiki."

Muryar makanikin ta fito daga waya: "Alhaji, ban ji komi ba. Ko rezo ne, layin waya ya yanke?"

Alhaji ya yi tari a bakin wayar. "Ka ji wannan?"

"Na ji."

"To ba rezo ba ne."

Ɗan kawuna ya taka totur da sauri. Injin ya farka, ya yi ɗan gurnani, kafin mu ce wani abu ya sake yin tsit da kansa.

"Ta tashi ta mutu ba wanda ya taɓa ta?" in ji makanikin. "Alhaji, in ta tsaya maka a daji wa za shi gyara? Ni dai ba ni sa hannu ga abin da ba ni ji."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Ɗan kawuna ma ya dube ni. Na ce, "Alhaji, gaskiya ni ma ban san ta ba." Iyakar abin da na sani ke nan, kuma har yau ban san ko motar kirki ce ba. Ɗan kawuna ya shiga bayanin yadda take tattalin isansi, wato man mota, Alhaji ya sa wayarsa aljihu ya ce isansi ba shi ne damuwarsa ba bana.

Ɗan kawuna ya nace sai ya kai mu tasha a cikin motar nan. Na ce a raina ga dabara ta ƙarshe, zai sa mu ji daɗin kujera mu canza shawara. Na shirya amsata ina jira, amma shi tuƙi kawai ya sa a gaba. Da muka tsaya a jar danja komai ya ɗauke, ba inji, ba rediyo, sai ƙas-ƙas ɗin carbin Alhaji a baya. Cikin shirun nan na ji numfashin ɗan kawuna yana sarƙewa, yana haɗiye kuka yana kallon hanya. Da wata mota ce, da ƙarar inji ta rufa masa asiri. A nan na tabbata zancen takardar gaskiya ne, tausayinsa ya kama ni, kuma ba abin da zan iya.

Wata ya ƙare bai sayar da ko ɗaya ba, aikin ya tafi, takardar ta bi. Yanzu yana Damagaram, shi ke kai innata asibiti saboda gwiwar. In ya kira ni, lafiya? Lafiya lau, sai ya miƙa mata wayar.