Baƙar Kazar Inna

Shekarar da murar tsuntsaye ta shigo mana na gaji har ƙashi. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Dogon Dutsi. Kullum ina bisa moto, wato babur, cikin rairayi, ƙauye bayan ƙauye, ina nanata magana ɗaya har bakina ya bushe: kada a taɓa kazar da ta kamu, cutar tana tsallakawa ga mutum. Su ce to. Ina juya baya a ɗauko wuƙa, don a wurinmu gara a yanka da hanzari da a bari ta zama mushe.

Da aiki ya biyo ta ƙauyenmu, can wajen Sukukutane, muka tattara kaji da zabi muka kashe, muka rufe a rami. Mahaifiyata ta miƙa nata ba gardama. Abin ya ɗaure mini kai, don Inna ko tsinke ba ta saki sai an yi faɗa.

Da la'asar na shiga ɗakinta shan ruwa, sai na ji wani numfashi ƙarƙashin gado. Na janyo kwando na ɗaga. Baƙar kaza ce, kai ya kumbura, hanci na yoyo. Na san ta sarai. Kazar doguwa ce, iskar da gidanmu ke yi wa hidima tun kakanni. Ba a cinta, ba a sayarwa, ana kiwonta ne don doguwar ta bar mutanen gida lafiya. Kwana uku ke nan Inna na kwana da ita, tana ɗura mata jiƙon maɗaci da hannunta.

Na ce, "Inna, kazar ga ba ta sake kwana ɗakin ga."

Ta ce, "Ba tawa ba ta, ɗana. Ka san mai ita."

"Cutar ga na kashe mutum, Inna."

"Ita hwa, wasa taka yi?"

Ba ni da sauran ƙarfin gardama. Tsoro nake ji, kuma na ƙosa da lallashi. Na sa safar hannu na ɗauke kazar zuwa rami, Inna na zaune bakin gado tana kallona.

Bayan sati biyu zazzaɓi ya kayar da Inna. Hankalina ya tashi, na ɗauko ta zuwa asibiti a Dogon Dutsi. Aka gwada, aka ce na sauro ne. Na yi hamdala, ta sha magani ta warke. Amma ita da duk ƙauyen sun riga sun san wanda ya jawo mata.

Da aka sake buɗe kasuwar kaji na saya mata wata baƙa, ba ɗigon fari a jikinta. Ta dube ta, ta ce doguwa ba ta karɓa daga hannun da ya yi ɓarna.

Har yau in na je gaishe ta tana amsawa, ta dama mini fura da kanta. Sai dai a tsakar gida take shimfiɗa mini tabarma, ta janyo ƙofar ɗakinta ta rufe.