Allurar da Yaya Mamman Ya Hana Ni

Shekara talatin da takwas ke nan da muka binne yayana Mamman a Rimaye. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, kuma fargaba ce ta sa ni ɗaukar biro. Jikata Rabi tana da cikin fari a Kusada, watan haihuwarta ya kama.

Yaya Mamman shi ne ɗan gidanmu na farko da ya yi boko mai zurfi. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan aka tura shi waje karatu, ya dawo yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Mu a gida likita muke ce masa, kullum yana gyara mana cewa shi bai taɓa duba majinyaci ba. Aikinsa a kan wani sinadari ne da ake kira oksitosin. Ya ce jikin mace ne yake fitar da shi, shi ke sa mahaifa ta matse lokacin naƙuda, shi ke sa nono ya kawo. Masana sun iya haɗa irinsa da hannu, ana aiko wa su Yaya a 'yan kwalabe. Shi kuma yana ɗiga shi a kan tsokar mahaifar saniya, yana neman ainihin gurbin da sinadarin yake kamawa kafin tsokar ta motsa.

Na tuna ranar da yake yi wa Baba wannan bayani a zaure, wata Bafulatana mai kawo mana nono tana tsugune tana saurare. Ta ce, "To, mu ai mun san nagge ba ta sakin nono sai an kawo mata ɗanta." Yaya ya yi dariya ya ce abin da ya ƙetare teku ya koyo ke nan. Baba ya ji daɗin zancen, ya riƙe shi. Daga baya na so a ce bai ji shi ba.

Da damina ce. Ina aure a Yashe, na dawo gida haihuwar fari. Yaya ya zo da motar wurin aikinsu don ya karɓi mahaifar shanu a kwatar Kankia, da filas ɗinsa cike da ƙanƙara, da kwalaben nan a ciki. Naƙuda ta kama ni, na kwana a cikinta, ungozoma ta yi iyakar yinta. Da safe ya leƙo, Inna ta ce masa haihuwar fari ta gaji haka, ya tafi aikinsa. Bai dawo ba sai bayan azahar, ya tarar ba na iya ko ɗaga kai.

Ina jin muryoyinsu daga tsakar gida. Baba ya ce, "Mamman, mi kake jira? Ba kai ka ce abin nan naka yana sa mahaifa ta turo ɗa ba? Yi mata allura."

Yaya ya ce, "Baba, wannan na gwaji ne, ba a yi shi don mutum ba. Kuma ban san yadda ɗan yake kwance ba. In a gicciye yake, na sa mahaifar ta matse da ƙarfi, fashewa za ta yi."

"'Yar'uwarka ce fa."

"Shi ya sa, Baba."

Bai taɓa yi wa Baba musu ba sai ranar. Ya shigo ɗakin, ya ɗauke ni shi da Inna suka sa ni a mota. Hanyar duk laka ce. Sau biyu motar tana kafewa, manoma suna barin gona su turo mu. Abin da na fi tunawa shi ne ƙeyarsa jiƙe da gumi, da yadda yake juyowa kowane lokaci yana cewa, "Binta, yi mani magana."

A asibiti a Katsina aka yi mani aiki. Ɗan a gicciye yake, namiji, kuma bai zo da rai ba. Likitan ya gaya wa Yaya cewa da an yi mani allurar, da gawa biyu za a mayar Rimaye. Yaya ya kai wa Baba wannan magana. Baba ya ce dama ɗan boko bayan ɗan'uwansa zai bi. Shekara biyu Baba ba ya cin tuwo kwano ɗaya da shi. Mutanen gari ma suka ɗauka, ana cewa yana da magani a hannu ya hana ƙanwarsa. Sun shirya da Baba daga baya, amma ba su ƙara tayar da zancen ba har Baba ya rasu.

Ni na ɗauka zancen mutane ne ya sa Yaya ya rage zuwa gida. Sai da ciwon hanta ya kwantar da shi, ina jinyarsa, ya gaya mani abin da yake cinsa. Bai taɓa shakkar hana ni allurar ba. Abin da ya kasa yafe wa kansa shi ne safiyar da ya tafi kwata. Ya ce, "Na san abin da doguwar naƙuda take yi, na fi kowa a gidan sani. Da na ɗauke ki da hantsi, wataƙila da yanzu yaron yana sakandare." Na ce masa kwanan yaron ne ya ƙare. Ya ce haka ne, ya juya fuska bango.

Yanzu irin allurar nan da aka yi don mutane ta yaɗu ko'ina, kuma ta ceci mata da yawa, musamman masu zubar jini bayan haihuwa. Na sani, don an yi wa 'yata a asibiti ta tashi. Amma watan jiya na shiga wani kemis a ƙauye sayen maganin gwiwa, na ga wata dattijuwa ta ce a ba ta allurar naƙuda. Mai shagon ya miƙa hannu kan kantar magunguna, inda rana ta wuni tana dukan kwanon rufi, ya ɗauko ya ba ta. Bai tambayi wa za a yi wa ba, bai tambayi wa zai yi ba. Na tsaya ina tunanin Yaya, mutumin da yake lissafin ɗigo ɗaya da fensir, wanda yake fasa tafiya in ƙanƙara ta narke. Me zai ce? Ina jin ba faɗa zai yi ba. Zai bi matar nan har gida ne, ya roƙe ta a fara duba yadda cikin yake kwance. Ni ban bi ta ba. Na karɓi maganina na fito, kuma har yau abin yana damuna.

Surukar Rabi mutuniyar kirki ce, amma ta riga ta gaya mani cewa suna da mai allura a unguwa, ba sai an wahalar da yarinya da asibiti ba. Na ba ta labarin nan tun daga farko. Ta saurara, ta ce Allah Ya jiƙan Malam Mamman, ta kawo wani zancen.

Yaya bai bar ɗa ba. Takardun bincikensa gara ta cinye rabi, sauran kuma ba na gane su. Ban san ko wani ya ɗora daga inda ya tsaya ba. Abin da na san ya bari shi ne ni, da 'ya'ya biyar da na haifa bayan wancan, da nasu 'ya'yan. Dukanmu mun rayu ne domin ya iya ce wa mahaifinsa a'a, ya kuma jure abin da ya biyo baya.

Jibi zan tafi Kusada, ba zan dawo ba sai Rabi ta sauka. Na yi magana da mai mota, ya ce ko yaushe na kira zai zo. Ban sani ba ko za su saurari tsohuwa a gidan da ba nata ba. Ku taya ni roƙon Allah Ya jiƙan Mamman, Ya kuma ba ni bakin magana ranar.