Baƙin Ruwan Tukunyar Kyauta

A Cadakori, idan miya ta yi ƙamshi ba a tambayar daddawar wa aka sa, an san ta Kyauta ce. Tun tana budurwa take dafa gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, tana yin daddawar batso. Mace ce mai tattali har abin ya so ya yi yawa. Rijiyar unguwarsu zurfi gare ta, don haka ko ruwan wanke hannu ba ta yarda ya tafi a banza.

Shekarar da Faransawa suka sauke tutarsu, uwarta ta rasu ta bar mata ƙullin irin kuɓewa, wanda kakanninsu suka zo da shi daga kudu. Da ruwan farko Kyauta ta shuka shi duka a bayan ɗaki. Sai sama ta ɗauke har kwana tara. Ta dubi baƙin ruwan da take tacewa daga tukunyar gurguzu, ta ce ai ruwa ruwa ne. Kullum sai ta bari ya huce, ta bi rami-rami tana zubawa.

Ko ɗaya bai tsiro ba.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta shiga neman mai laifi. Ta tuna ranar shuka aminiyarta Dija ta leƙo ta kan danga ta ce bana za a sha miya. Shi ke nan, Kyauta ta ce bakin Dija ne ya kama irin, kuma ba a zuci ta faɗa ba. Zaman shekara ashirin ya lalace. Mata suka fara rufe jariransu da zane idan Dija ta yi sallama.

Da damina ta yi nisa, ciyawa ta cika bayan ɗakin, amma bakin kowane rami fayau, kamar an kifa faifai an ɗauke. Nan Kyauta ta fara zargin ruwan tukunyarta. Ta shuka wake a kasko biyu, ɗaya tana ba shi ruwan rijiya, ɗaya na tukunya. Na rijiyar kaɗai ya fito. Kunya ta hana ta cin abinci ran nan.

Ta ɗauki kaskon biyu ta nufi gidan Dija, ta durƙusa.

"Yaya Dija, da hannuna na kashe irin Inna. Ki gafarta mini."

Dija ta daɗe tana duban ƙasar da ba ta fitar da komai ba.

"Na gafarta miki, Kyauta. Amma ba ni kaɗai na ji maganar ba. Aza kaskonki a ka, mu bi gida-gida."