Ɗan Wutar da ke Aljihun Sadi

Har yau da ashana nake hura wutar ƙosaina a bakin tashar Gwarzo. In damina ta sa ta yi sanyi, sai in yi ta ƙyastawa tana karyewa, 'yan kamasho na yi mini dariya. Wani ya zaro laita daga aljihu ya miƙo, ya ce, "Haba Yaya Ladi, ki hutar da kanki mana." Sai in ce ya mayar da abarsa inda ya ɗauko tun ban watsa masa ruwan ƙullu ba. Suna cewa masifa ta yi mini yawa. To, su yi ta faɗi. Wanda bai taɓa jin muryar ƙanena Sadi ba, ba zai san abin da wannan 'yar robar ta ci mana ba.

A Unguwar Tudu muka tashi, a shekarun tsuke bakin aljihu da ake ce wa ostariti. Babanmu yana aiki a wata masaƙa a Kano, aka wayi gari aka sallame su, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da tari. Kananzir sai an yi layi, sabulu sai mai hanya, ashana kuwa sai ka ga magidanci ya sa reza yana tsaga tsinke biyu. Sai mata suka koma ɗiban wuta irin na da. Wadda ta riga hurawa, gidanta za a yi ta aika yara da tsingaron tukunya, su yi sallama, su durƙusa su gaishe ta, ta shimfiɗa musu toka a ciki, ta ɗora garwashi a kai. A gidanmu Sadi ne ɗan aiken, don ya fi kowa sauri, kuma ya fi kowa son abin. Sau tari sai ya tsaya a lungu yana hura garwashin don ya ga tartsatsi, ya iso gida da gira a babbake.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, Iya muke ce mata. Ita ba ta kwana ba wuta, don kullum sai ta binne garwashi a toka. Bayan isha, an ci tuwo an wanke hannu, sai mu kewaye murhunta a ƙofar ɗaki, mu da 'ya'yan maƙwabta. Amma ko tatsuniya sai da ta ɗanɗana ostariti. Karan dawa ya zama abin lallaɓawa, shi ne itacen girki, shi ne danga. Iya takan ware abin da hannunta ɗaya zai iya riƙewa, ta ajiye gefen ƙafarta, ta ce, "Ga abincin tatsuniyarku. In ya ƙare, ta ƙare."

Ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga bakin murhu da kara ta ce, "Ga baƙuwa a bakin murhu." Mu haɗa baki mu ce, "A iza mata kara ta shigo!" Sannan ta dubi Sadi, wanda take kira angonta irin na wasan kaka da jika, ta ce, "Angona, wacce za a yi?" Amsarsa ɗaya ce kullum: ta ɗan wuta.

Wai a can da, Wuta wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bayan gari da 'ya'yanta jajaye. Duk mai son girki sai ya je ya gaishe ta, ta ba shi aron ɗa guda, da sharaɗi: a ɗauke shi a fili kowa na gani, a ciyar da shi, in dare ya yi a lulluɓe shi da toka ya yi barci. Sai aka yi wani saurayi mai ji da kansa, ya ce shi ya gaji da durƙusa wa tsohuwa. Ya faki idonta, ya sace ɗan autanta, ya jefa a batta, ya rufe, ya sa a aljihu. Da yamma ya tafi dandali, inda samari da 'yan mata ke taruwa, ya tsaya a tsakiya, ya kawo battar kusa da bakinsa ya rera:

"Ɗan wuta, ɗan wuta, fito ka taka,
Uwarka na nesa, ni ne kusa."

Sai ɗan wuta ya leƙo, ya miƙe, ya yi rawa, ya ce da 'yar siririyar murya, "Na fito, na taka, me zan ci?" Amma tafi da guɗa sun cika dandali, ba wanda ya ji shi. Saurayi ya rufe batta ya tafi. Gari na gaba ya ji labari, aka aiko masa da goro. Can ma ya rera, can ma ɗan wuta ya taka, ya fi na jiya tsawo, ya sake tambaya, tafi ya sake danne tambayar.

Iya ba ta yin waƙar da kanta. Sai ta ce, "Angona, karɓa." Wayyo Allah, muryar yaron nan! In ya ɗaga ta, har matan gidan bayanmu sai su bar wanke-wanke su saurara. Mu kuma mu yi ta tafi, mu zama 'yan dandali. Sadi ba ya yarda a wuce gari ɗaya ba a maimaita waƙar ba, Iya kuma ba ta iya hana angonta. Daga wannan gari zuwa wancan, kara na ci, har hannunta ya laluba gefen ƙafa ya ji ƙasa. Sai ta ja toka ta rufe garwashin ta ce, "Na binne ta, gobe a tono." Gobe kuwa Sadi ya ce a faro daga farko.

Haka muka yi ta yi har muka girma, ba mu taɓa kaiwa ƙarshenta ba. Na taɓa tsare Iya da rana tana tsinke zogale, na ce ta faɗa mini yadda aka ƙare. Ta ce, "Ke dai uwar tambaya. Ƙarshen ba na masu shirin barci ba ne." Na ce ai yanzu rana ce. Ta ce in ɗauko mata turmi.

Aka yi mini aure a Getso. Sadi ya zama saurayi, boko bai yi nisa ba, gona ba ta isa kowa ba, sai ya kama kamasho a tasha. Muryarsa ce jarinsa. In ya ce, "Kabo! Kabo! Saura mutum ɗaya!" ko ba ka da niyyar tafiya sai ka waiwaya. In ladanin masallacin unguwa ya yi nisa a gona, shi ke kiran salla, har aka bar masa asuba da magariba gaba ɗaya. A lokacin idon Iya ya riga ya tafi. Da kiransa take ɗaukar buta, tana cewa, "Ga angona can yana nemana."

Sannan Shari'a ta zo, muka yi murna, kuma har gobe ban ce kuskure ba ne. Aka hana kiɗa a biki, dandali ya mutu. To amma an ɗauke ganga ne, ba a ɗauke ƙuruciya ba. Abokan ango sai suka rasa abin yi tsakanin la'asar da magariba, suka koma ƙirƙirar nasu: masu babur su yi ta ɗaga ƙafar gaba, marasa babur su yi wasa da laita. A lokacin ta cika kasuwa, ta roba, ja da kore da ruwan ɗorawa, mai araha, in ta ƙare a yar. Ba gaisuwa, ba tsingaro, ba wanda ya san kana ɗauke da wuta. Sadi ko taba ba ya sha, amma aljihunsa ba ya rabuwa da ita.

Akwai wata dabara da yake yi mata, ba kuma zan faɗe ta ba, sai harshen wutar ya tashi kamu guda. Daga nan ya koyi tashin wuta a tafin hannu, daga hannu ya koma baki. Ran da na zo ganin gida na tarar da shi a soro yana yi wa yara, na kai masa duka da mayafi, na ce, "Sadi, kana hauka ne? Bakin da kake kiran salla da shi?" Ya kauce yana dariya ya ce, "Yaya Ladi, iska ce fa, ba ta zama a jiki. Wuta ta san ni tun ina ɗauko ta a tsingaro." Har ya ɗan rera mini waƙar Iya don in huce. Ban huce ba, na gaya wa Baba, Baba ya yi masa faɗa, ya ce ya daina. Sati na zagayowa aka gayyace shi wani bikin.

A Dugabau abin ya faru, ta wajen Kabo, a bikin wani abokinsa direba. Ba na wurin, waɗanda suka gani ne suka ba ni labari, bayan na yi musu rantsuwar ba zan kai su gaba ba. Bayan la'asar suka taru a bayan gidan ango, gindin wata tsamiya. Sadi ya yi na hannu, ya yi na baki, aka yi tafi. Sai wani ya ce ai wannan tsohon yayi ne, yara ma na yi. Cikin abokan akwai ɗan bumburutu, mai sayar da fetur a galan bakin titi, ya ce bari ya kawo abin da zai sa a san an zo biki. Sadi ya so ya ƙi, suka ce ashe dai tsoro yake ji. Ya kurɓi fetur ɗin, ya ƙyasta laita, ya fesa. Wutar ta tashi har ganyen tsamiya, aka ɗauki ihu da tafi. Shi kuma ya ja numfashi, ko don dariya ko don firgita, Allah ne masani, wutar ta bi numfashin ta koma ciki.

Nan ne inda har yau in na tuna zuciyata ke tafasa. Da suka kashe ta, suka duba, leɓe ne kawai da haɓa suka sale. Suka ce da sauƙi. Suka fasa ɗanyen ƙwai suka shafa masa, suka ƙara da man goge baki, suka ɗura masa madara. Ba wanda ya ce asibiti. Tsoronsu kada magana ta kai ga mai gari a ce an yi badala a biki, a sha bulala, a ɓata wa ango suna wurin surukai. Sai suka kwantar da shi a ɗakin ango suka ja ƙofa, aka ci gaba da rabon shinkafa. Maƙogwaronsa na kumbura daga ciki, shi kuma ba bakin da zai ce musu yana mutuwa. Sai da gari ya waye, suka ji numfashinsa na fita kamar usur, sannan suka nemi mota zuwa Kano. Likitoci suka huda masa wuya ya sami numfashi. Rai ya tsaya, muryar ba ta dawo ba.

Ran da aka dawo da shi ina gida. Mun ɓoye wa Iya, mun ce ya yi tafiya, amma makauniyar da ke alwala da kiransa wa zai ruɗe ta? Tana zaune bakin murhu ya shigo ya durƙusa gabanta. Ya buɗe baki zai gaishe ta, sai iska ta fito. Ta ce, "Wane ne ba ya sallama?" Ta miƙa hannu ta laluba kansa, ta sauko kan fuska, ta tsaya a leɓen da ya tattare, ta gangara har kan ƙyallen da ke wuyansa. Ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta ce, "Angona."

Ni kuwa baƙin ciki ya rufe mini ido, na manta da girmanta. Na ce, "Iya, yau dai sai kin faɗa. Saurayin nan mai batta, yaya ya ƙare?" Baba ya daka mini tsawa, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Ba tsawo gare shi ba, Ladi. Ran nan ya rera, ɗan wuta ya fito, bai tambaya ba."

Shi ke nan fa. Maganar da ko rabin kara ba za ta ci ba. Shekara da shekaru muna zaune gabanta, an ba mu waƙa, an ba mu tafi, an ba mu goron gari-gari, wannan ɗan guntun ne kawai aka hana mu. Na yi ta ɗora wa ostariti laifi, na ce da kara ya wadata da mun kai ƙarshe. Daga baya na gane ba kara ba ne. Tausayi ne. Ba ta so angonta ya kwana da tsoro, sai ya tashi da rabin tatsuniya a ka, rabin da ake tafa wa mai batta. Iya ta rasu kafin kaka ta zagayo, Allah Ya jiƙanta, na yafe mata, amma ban daina jin ciwon ba.

Sadi na nan da ransa. Yana wanke motoci a tashar da a da muryarsa ke cika su, in yana son magana sai ya taɓa kafaɗarka ya matso da bakinsa kunnenka. Ba ya zuwa masallaci sai an gama kira. Yaran yanzu kuma suna nan suna wasan wutar, har da ɗauka a waya don waɗanda ba sa wurin su ma su tafa. Duk wanda na kama kusa da kaskona sai in ƙwace laitar, in ja kunnensa in nuna masa mai wanke mota.

Jikokina ma suna taruwa bakin murhuna, kara kuma ba ya yanke mini, Alhamdu lillahi. In sun ce a yi ta ɗan wuta, ina yi musu. Amma ni daga ƙarshe nake farawa, kuma in sun tsorata ba na rarrashi. In aka zo wurin waƙar, faɗar ta nake yi da baki, ba na rerawa. Wata rana Sadi na zaune a gefe, ƙaramarsu ta ce, "Iya Ladi, wai ba ta da waƙa ne?" Na ce tana da ita. Ta ce to wa ya iya? Sadi ya tashi, ya ɗauki takalmansa, ya fita.