Kawu Chamnong da Uwar Ƙasar da Gishiri ya Cinye

Da hantsin Laraba, sha biyu ga Maris, muna rumfar sassaƙa sai ga 'yarka Duangkamon ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa ta sanar da mu. Ɗaya bayan ɗaya gudumomi suka yi shiru har muka ji ƙarar teku. Haka labarin rasuwarka ya iske mu, Kawu Chamnong, babban masassaƙi a wannan gidan tarihi na katako da ke gaɓar Naklua.

Ni Pranom, a hannunka na koyi riƙon kurfin sassaƙa. Na zo daga ƙauyenmu na Surin ban san komai ba sai dashen shinkafa. Ka dubi furen farko da na sassaƙa, ka juya shi, ka ce, "'Yar nan, kabeji ne wannan ko kunnen alade?" Na yi fushi na ƙi cin abinci. Da rana sai ga ka da kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo, ka zauna kusa da ni, ka gyara furen. Haka kake da kowa. Masassaƙan da suka zo daga Mandalay ta maƙwabciyar ƙasa ba su jin yarenmu, kai ka riƙa raka su asibiti kana yi musu tafinta da hannu, likita na dariya.

Ginin nan babu ƙusa a jikinsa, kuma ba a taɓa gama shi ba, domin kafin a kammala gabas iskar teku ta ci yamma. Kowa ya saba a sauke aikinsa a ɗora sabo. Ka sauke giwa mai kai uku da ka sassaƙa kana raha. Amma siffar Uwar Ƙasa, allahiyar nan mai matse gashinta, wadda ka sassaƙa a ƙuruciyarka, ita ce ta tsaya maka a rai. Da gishiri ya cinye fuskarta, aka ce za ta iya faɗowa kan baƙi, ni aka ba aikin sassaƙa madadinta. Ranar da aka sauko da ita ka kama hannuna ka ce, "Pranom, sabuwar taki ce, ban sa miki baki ba. Amma tawa kada a jefa ta bayan rumfa gara ta gama da ita. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Ka lulluɓe ta da tabarma a ƙarƙashin indararo, kullum da safe ka ajiye mata turare. Gidanka ɗaki biyu ne, ba ta shiga. Ka roƙi haikalin unguwa ya karɓe ta, aka ce ta ruɓe da yawa. Da ka kwanta ciwo, duk wanda ya je dubiya tambayar da kake masa ke nan, "Tana nan?" Wallahi tambayar nan ta riƙa hana ni sakewa, domin damina na tafe kuma ban san inda zan kai ta ba.

Matarka, Inna Bunruean, ita ta raba gardama. Ana shirin sayo furannin katako da masu makoki ke ajiyewa gindin akwati ranar ƙona gawa, sai ta ce, "Sayo me? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin katako za ku sayo wa na kasuwa? Ga tsohuwar Uwar Ƙasarsa nan, ku yi da ita." Muka nemi izinin babban malamin haikali, muka kunna turare muka nemi afuwar Uwar Ƙasar, sannan muka tsaga ta. Bayanta ya zama gari, amma cikinta lafiya lau, har ƙamshin itacen ya cika rumfa. Muka fere shi siriri-siriri, muka naɗa furanni. Ban taɓa ganin ƙattin nan na Mandalay suna kuka ba sai ranar.

Ranar ƙonawa kowa ya ajiye nasa furen gindin akwatinka. Inna ta zo ƙarshe tana dogara sanda, ta ɗora nata, ta ɗan bubbuga akwatin ta ce, "To ga ta nan, tsoho. Tafi da abarka, ka bar mutane su huta."

Kawu, na zuba ruwa dominka kamar yadda muke yi wa mamaci, na sadaukar maka da ladan duk alherin da na taɓa yi. Rahama ta lulluɓe ka, ka sauka a wuri mai sanyi, abin da ka yi mana ya riga ka isa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Bunruean, da Duangkamon da jikokinka, da dukkan 'yan rumfa. Haƙuri ya zauna a zukatanku.

Tawa Uwar Ƙasar tana tsaye a gurbin taka. Jiya na hau na shafa kumatunta, na ji gishiri a yatsuna.