Habbatus-sauda a Ƙasar Ƙanƙara

Makomar nahiya guda ta taɓa ratayuwa a kalmasar rigar sanyin 'yata, a falonmu na unguwar Tremont, a ƙasar waje.

Jami'arta ce ta sa ta cikin masu zuwa Antatika auna ƙanƙara. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a Kano kafin in koma jan tasi a bakin filin jirgin sama na JFK, amma iyakar sanina da nahiyar nan shi ne ɗan farin alli a gindin allo.

Takardar da aka aiko mata ta yi bayani. Ƙasashen duniya, waɗanda ko a bakin rijiya ba sa jituwa, sun yi yarjejeniya: can ba a haƙar ma'adini, ba a girke makami, ba a shiga da ƙasa ko iri. Gefen nahiyar yana ɗumama. Ƙwayar da a da sanyi zai kashe, yanzu tana iya tsirowa ta kori ɗan abin da Allah ya shuka a wurin.

Uwarta kuwa ta riga ta haɗa guzuri: dabino, yaji, kuka, habbatus-sauda.

Na ce, "Hajiya, ba ɗaya da zai wuce."

"Malam, ƙanƙarar ce za ta cinye mata yajin?"

"Doka ce ta duniya."

"Duniyar da ta bar ruwan teku ya cika mana tashar jirgin ƙasa bara? Ta fara tare wannan tukuna."

Na ga ruwan nan da idona, baƙi wuluk a kan matakala, na kuma san inda sauransa yake jira a daskare.

Ranar Asabar na zauna da injin shara da tsinken sakace, ina bin kayan tafiyarta aljihu bayan aljihu, ina ƙwaƙule ƙasan takalma. Na ciro ƙwayar riɗi biyu da ɓawon gyaɗa. Sai na ji kamar da ni aka sa hannu a yarjejeniyar.

Bayan wata uku ta dawo a rame, leɓɓa a tsattsage. Muna cin tuwo tana ba mu labari da Turanci, yadda dutsen ƙanƙara ke tsagewa da rugugi kamar aradu ta faɗa teku, sai uwar ta gyara zama.

"Ai na san lafiya za ta dawo. Bayan ka gama shararka, Malam, habbatus-sauda na ɗinke mata a kalmasar riga. Cokali guda."

Yarinyar ta ajiye lomarta. Ran nan da Hausa ta amsa.

"Umma, wace rigar?"

"Shuɗiyar mana. Wadda kike sanye da ita a duk hotunan."

Na wanke hannu, na ciro rigar daga akwati, na bi kalmasar da yatsa daga farko har ƙarshe. Ɗinkin ya warware. Babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.