Kwamfutar da Haruffanta Suka Goge

Ana sallame Asuba muka kama hanyar tasha, ni da yayana, ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi. Masu tambayata abin da ya fitar da ni daga Ƙaura cikin damina, ga amsarku. Shekara goma sha takwas ina buga tafireta a makarantar sakandaren 'yan mata, tun muna cikin jihar Sakkwato. Bana shugabar makaranta ta kira ni ta ce jarrabawar ƙarshen zango da kwamfuta ake son ta. Idan ba zan iya ba, za a kai aikin shagon buga takardu, ni kuma a mayar da ni sito ina ƙirgar tsintsiya. Mako uku ta ba ni. Na ɗan koyi kwamfuta a wajen wata maƙwabciya, amma ba ni da tawa, kuma kuɗin adashin da na kwasa ba su kai rabin sabuwa ba. Aka ce a Shinkafi ana samun laftof na hannu da ke shigowa ta Nijar.

Yaya dillalin shanu ne. Ko rediyo sai an kamo masa tasha, don haka rakiya kawai na ɗauke shi.

Tun da aka fara shari'a, mata baya muke zama a mota, maza gaba. Ni ban ƙi ba, don a baya ake cin gyaɗa da hirar duniya. Gero ya kai ƙirji dama da hagu, hanya kuwa ruwa ya cinye gefenta, direba na kauce wa rami yana faɗawa wani. A Moriki muka tsaya na sayi hoce da ƙuli. Mai hocen ta ƙara kuɗi, ta ce dawa ta yi tsada, kuma hocen ya ƙanƙance.

Kasuwar Shinkafi sai wanda ya gani. Raƙuma, shanu, buhunan gero, Buzaye da rawunansu, ga masu canjin sefa. Masu laftof su biyu ne kacal, a layin masu rediyo. Na farko ya jera guda huɗu a kan tebur, janareto na ruri a bayansa. Wata ruwan azurfa ta shiga raina nan take, tana sheƙi, har da hoton teku a fuskarta. Na fara taya ta ke nan Yaya ya nuna wayar da ke bayanta.

"Wagga igiya ta mi ce?"

"Ta wuta ce, Alhaji."

"Kwance ta mu gani. Ni ban sayen sa yana ɗaure ga turke."

Mai kayan ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya zare. Kafin in gama gyara mayafina fuskar ta yi baƙi ƙirin. Ya ce batir ne kawai, ana samu a Kano. Unguwarmu wuta kan yi kwana uku ba ta leƙo ba, kwamfutar da ba ta riƙe caji kuwa faranti ce kawai. Na ji kunyar yadda na raina Yaya a zuciyata.

Na biyu dattijo ne mai sanyin magana. Tasa ta riƙe caji sarai. Na zauna a kan benci na ɗora yatsu, na kawar da kai kamar yadda na saba, na buga layi biyu. Da na duba, ban gane abin da na rubuta ba. Ashe allon Faransa ne, haruffan ba inda yatsuna suka san su suke ba. Ya ce duk kayan da ke biyowa ta Maraɗi haka suke, wai akan iya juya su, amma shi bai iya ba, kuma ba zai sayar mini da alkawarin da ba ya hannunsa ba. Na gode masa. Gaskiya a nan na fara hango kaina a sito.

Har mun juya ya kira mu. Ya ce kasuwar da ta wuce wani malamin gona daga Zurmi ya kawo masa wata da ɗansa ya aiko masa daga Legas, yana neman musaya. Mai allon Ingila ce, mai ƙarfi, amma ya ƙi karɓa don haruffan madannanta duk sun goge. "Wa za ya sayi abin da ba a ganin baƙinai?" in ji shi. Ni dai sai da na tabbatar ya kwatanta mana gidan.

Muka kwana a gidan gwaggonmu, ta cika mu da tuwon gero da miyar kuka. Da safe muka dawo Ƙaura muka canja mota zuwa Zurmi, ban ko leƙa gida ba don kada a tambaye ni. Hanyar Zurmi ta fi lafiya, kuɗin mota ma da sauƙi, sai dai an haɗa mu da buhunan taki da wata akuya da ta ƙi jinin jakata.

Malamin gonar ya karɓe mu bayan an sauko Juma'a. Ya fito da ita cikin zanen atamfa: baƙa, mai kauri, nauyi kamar dutsen niƙa, kusurwa ɗaya a fashe. Kafin mu tambaya ya lissafa aibinta da kansa. Ta tsufa, ba ta son fim, haruffa kuma sai ƙwaya biyar ko shida ake gani. Da aka kunna ta, Yaya ya sa aka zare igiya, ya miƙe ƙafa a tabarma ya ce ba inda za mu sai La'asar.

Na ɗora hannu. Madannan sun yi sumul, tsakiyarsu ta ɗan lotsa, alamar wani ya yi shekaru yana aiki da su kuma ba su gaza ba. Malamar da ta koya mana tafireta a Gusau ƙyalle take rufe mana hannu da shi, wadda ta leƙa ta sha rula. Na ja gefen mayafina na rufe hannuwana, na buga wasiƙa cikakkiya ina kallon Yaya. Malamin ya karanta har ƙasa, bai sami kuskure ba. Aka kira La'asar tana nan a kunne. Yaya ya yi ciniki irin nasu na kara, hannu cikin hannun riga, har na samu ragowar kuɗin filas na adana rubutu.

Mun iso gida ana kiran Magariba. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. A zare waya kafin a taya. A buga rubutu da hannun kai, kowane madanni a taɓa shi. Sheƙi ba ya aiki, kuma aibin da ya kori wani yana iya zama rahusarka.

Jiya na miƙa jarrabawar, saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Shugaba ta juya takardun, ta jawo laftof ɗin gabanta za ta gwada, ta tsura wa madannan ido, sannan ta turo mini abata. Ta ce masinja ya kai tafireta sito. Na ce a bari, ni zan kai ta. Na goge ta, na rufe ta da atamfar da malamin gona ya ba ni, na yi ɗan kukana a can inda ba mai gani. Sannan na ja ƙofar siton na kulle daga waje, na koma teburina.